Katangar Mashigin Gawo

Shekara takwas da 'yan watanni na yi a ma'aikatarmu a Dutse ina zana kwalbati. Tun da aka ba mu jiha aka kwaso mu daga Kano, mu da teburanmu masu ƙafa uku, ban taɓa zana abin da ya fi kwalbati girma ba. Saboda haka ranar da darakta ya turo mini fayil ɗin Mashigin Gawo, a farkon shekarar 2000, sai da na karanta sunana a bangon sau biyu, Injiniya Mu'az, kafin na yarda ba ɓatan hanya fayil ɗin ya yi ba.

Mashigin Gawo ƙauyen masunta ne a ƙasar Miga, a bakin wani tafki da kogi ke cikawa duk damina. Faɗin tafkin daga gabas zuwa yamma ya kai kilomita biyar, ƙauyen kuma yana gaɓar yamma. Duk wanda ya san hadarin farkon damina a ƙasarmu ya san daga gabas yake tasowa, iska a gaba, ruwan sama a baya. Iskar nan sai ta bi kan tafkin ba abin da ya tare ta, tana tara igiyar ruwa, ta zo ta juye ta a kan kwale-kwalen mutane, su yi ta gwara kai da juna har su tsage. Dabarar da masuntan suka gada ita ce, da sun ga gabas ta haɗe, sai su cika jiragen da ruwa, su danne su da duwatsu, su nutsar da su a inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Idan iska ta wuce a ɗago su a kwashe ruwan da ƙwarya. Aikin wahala ne mai cinye wuni, kuma matasa sun gaji da shi. Su suka rubuto koke, wani Ɗan'inna ne ya sa hannu a madadinsu, suna so gwamnati ta gina musu katangar duwatsu a cikin ruwa wadda za ta karya igiyar kafin ta iso wurin jirage.

Ni kuwa Bafulatanin Kiyawa ne. Kakana shanu ya bi har ya mutu, sanin da gidanmu ya yi wa ruwa bai wuce mashaya ba. Ko iyo ban iya ba, amma ba a tambayi wannan a fayil ba.

Irin wannan katanga abu uku ake nema a zanenta: tsayinta a kan ruwa, nauyin duwatsun da za a lulluɓe ta da su, da inda bakin shiga zai fuskanta. Na ukun ba wuya, a juya wa gabas baya. Biyun farko kuwa duk a kan lamba ɗaya suke rataye, wato tsayin igiya mafi girma da za ta taɓa zuwa. Kuma lissafin ba shi da tausayi, domin idan igiya ta ninka biyu, nauyin dutsen da zai tsaya mata sai ya ninka takwas. Na samo wani tsohon littafi da aka rubuta don tashoshin bakin teku, na aro bayanan iska na filin jirgin sama na Kano tunda Miga ba wanda ya taɓa auna mata iska, na yi kwana huɗu ina buga lissafi. Ya ba ni igiya mai tsayin mita ɗaya da ɗoriya, kusan ƙirjin mutum. Na dubi lambar na yi tsaki. Tafki ne fa, ba teku ba.

A watan Maris na je ganin wurin, ni da direba. Zafi ya kwantar da komai, ruwan shiru kamar an zuba shi a faranti. Mutanen gari suka sauko bakin gaɓa, a gabansu Sarkin Ruwa, Baba Uwaisu, dattijo dogo wanda ya haura saba'in, ƙafafunsa duk sun tsattsage saboda laka. A bayansa jirginsa ke ɗaure. Ba irin na katako da ƙusa da ake yi yanzu ba ne, gungumen maɗaci ɗaya aka sassaƙa, fiye da shekara talatin da suka wuce. Yana ɗaukar mutum talatin har da awakinsu, kuma shi ke ƙetarar da jama'a zuwa kasuwar hayi duk Talata, Baba da kansa a tsaye a baya yana tuƙi. Direbana ya ce mini a hankali, yanzu ko ka zagaye Jigawa kaf ba za ka sami maɗacin da zai ba da rabin wannan ba.

Muka gaisa a tsaye. Na kafa sandar awo a bakin ruwan na ce, "Ranka ya daɗe, tun da kake a nan, igiya mafi girma da ka taɓa gani, ina ta kai?"

Ya dubi ruwan, ya dubi mutanensa, sannan ya sunkuya ya dafa gwiwarsa.

"Ruwanmu ba shi da faɗa, Injiniya," in ji shi. "Wasa ne yake ɗan yi idan iska ta tsokane shi."

"Gwiwa kawai, Baba? To me ke fasa jiragen?"

"Jirage ne ke fasa junansu."

Na juya ga sauran dattawan, kowa ya ce haka ne, ruwansu mai ladabi ne. Matasan kuwa suna can baya, ba mai tsoma baki a maganar manya. Na rubuta rabin mita a littafina, muka shiga mota, don ko kashe ta direba bai yi ba.

Watanni kaɗan kafin nan an tura mu bita Kaduna, inda aka kwana uku ana koya mana sauraron talaka, wai mutumin ƙauye ya fi littafi sanin ƙasarsa. Na dawo da takardar shaida da jaka mai tambari. To ga dama ta samu. Na ajiye lissafina na ɗauki na dattijo, na ɗan ƙara masa taki ɗaya don kwanciyar hankali, har ina jin daɗin kaina cewa ni ba irin injiniyoyin nan masu girman kai ba ne. Darakta ma ya ji daɗi, domin da lambar littafi sai an nemo motar ɗaga kaya da duwatsun da mutum shida ba sa motsawa, kuma ba za a gama kafin damina ba. Da lambar Baba kuwa dutse mai girman tulu ya isa, mutum biyu su kinkime shi.

Dutse dai ba a rasa dutse. Tifa ta yi ta jigila wata biyu, mazan gari suna jerawa da hannu, ni ina zuwa in tsaya a gaɓa in duba igiyar awo in koma. Katangar ta fito daga gaɓar arewa ta lanƙwaso kamar lauje, tsawon taku tamanin, ta rungume mashigin, bakinta yana kallon kudu maso yamma. Ban ɓoye ba, ta yi kyau. Ranar da na fara ganinta a kammale sai da na ce direba ya ɗauke ni hoto a kanta.

A tsakiyar Mayu ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ya zo ya buɗe ta. Lokacin ana ta shirin ƙaddamar da shari'a, ba taron da ake yi ba a zo da mai wa'azi ba, ko da na buɗe famfo ne. Malamin da ya zo ya yi magana a kan camfe-camfen masunta, masu ɗaukar ruwa kamar yana da kunne. Ciyaman ya ce daga yau an daina nutsar da jirage a Mashigin Gawo, zamani ya zo. Matasa suka yi kabbara. Baba Uwaisu yana zaune a kujerar roba a sahun gaba, an ajiye masa lemo bai taɓa ba.

Kwana goma bayan haka, ranar wata Laraba, na koma don awon ƙarshe da zan rufe fayil. Tayar mota ta yi faci, direba ya tafi neman mai gyara, yunwa kuma ta kore ni daga gaɓa zuwa cikin gari, karo na farko tun da na fara zuwa. A gindin wani gawo da ke kan tudu na sami wata tsohuwa tana soya karfasa. Iya Laraba ake ce mata, ƙanwar Sarkin Ruwa ce. Ta zuba mini kifi da yaji a takarda, na zauna a kan saiwar bishiyar.

"Ka zauna daidai inda jirgin uban Ɗan'inna ya kwana," in ji ta, tana juya kifi.

"Wane jirgi, Iya?"

"Shekarar babban ruwa. Ba su gama nutsar da shi ba iska ta iso. Igiya ta ɗauko shi ta ajiye a nan, sai da safe aka zo da gatari aka yi itacen girki da shi."

Na ajiye kifin. Na dubi gaɓar a ƙasa, na dubi saiwar da nake kai. Ba sai na ɗauko sandar awo ba, idona ya saba. Igiyar gwiwa ba za ta kawo ko ƙwarya nan ba.

"Amma Baba ya ce mini gwiwa."

"A ina ka tambaye shi?"

"A bakin ruwa."

Ta tsaya da matsamin a hannu ta dube ni kamar yadda ake duban babban mutum da ya sa riga a bai-bai.

"Ɗan nan, kai ɗan ina ne? Wa ke faɗin laifin ruwa a gabansa? Masunci ko ɗansa ruwa ya ci, idan yana tsaye a gaɓa cewa zai yi ruwa ya karɓi baƙo. Gobe fa zai shiga cikinsa. Ka je ka sami Sarkin Ruwa a zaure ka ji."

Na same shi a zaure yana ɗinkin komar kamun kifi. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, abin da ban taɓa yi ba. Da na sake tambayar, bai yi wani jinkiri ba. Ya ajiye komar, ya miƙe, ya sa tafin hannunsa a ƙirji.

"Nan. Shekarar babban ruwa kuwa har nan," ya ɗaga zuwa wuya.

Raina ya ɓaci, kuma ban iya ɓoyewa ba. "Baba, wata biyu ana jera dutse a gabanka. Me ya hana ka gaya mini?"

"Sau nawa ka zo garin nan, Injiniya?"

"Ya fi goma."

"Sau nawa ka shigo zauren nan?" Ya koma ya zauna. "Kullum kana gaɓa, motarka tana kuka. Na aika a ce ka hawo ka sha ruwa, ka ce sauri kake. Ni kuma ba zan tsaya a gabansa in ce mugu ne ba. Ranar buki na so in ja ka gefe, sai ga malam yana ta faɗin masu cewa ruwa na da kunne. In buɗe baki a ce Sarkin Ruwa ne shugaban masu camfi? Ni ban ce yana da kunne ba. Haka na tarar ana yi, bakina kuma ya saba."

Da gaske an taɓa aiko mini, har sau biyu, na tuna.

"Abin da ya wuce ya wuce," in ji shi. "Katangarka za ta tsaya?"

"Ba za ta tsaya ba. Igiya za ta haye ta, ta kwashe duwatsun sama ta watsa su a kan jiragen da ke bayanta. Gara ma babu ita."

"A ƙara dutse?"

"Da an yi ruwan farko tifa ba za ta shigo fadama ba. Sai rani."

"To ga la'asar ta kusa. Ka tsaya a ƙofar masallaci ka gaya musu su koma nutsarwa bana. Ni yanzu yaran nan ba sa jin tawa, suna da katangar gwamnati. Kai ka gina ta, kai za su ji."

Maganarsa daidai ce, kuma minti biyar za ta ci. Amma na hango kaina a tsaye gaban mutanen da suka yi wata biyu suna kinkimar dutse, ina ce musu aikin banza suka yi. Na hango labarin ya riga ni isa Dutse, abokan aiki suna tambayata ko kwalbatin ma a sake dubawa. Tsoro ne ya kama ni, tsoron dariya, ba wani abu ba. Sai na sa wa tsoron rigar aiki. Na ce ma'aikacin gwamnati ba ya sanarwa sai da izinin na gaba da shi, zan je in rubuta wa darakta takarda, in dawo da amsa cikin mako.

Baba Uwaisu ya ɗauki komarsa ya ci gaba da ɗinki. "Allah ya kiyaye hanya," in ji shi.

Takardar na rubuta ta ranar Alhamis, shafi biyu, ba inda kalmar kuskure ta fito a ciki. Fatsuma mai buga mana takardu ta buga ta ranar Juma'a da safe. Darakta kuwa, kamar rabin ma'aikatan Dutse a lokacin, iyalinsa suna Kano, tun kafin a tafi masallaci ya kama hanya. Na ajiye masa a kan tebur na ɗora abin huda takarda a kai don kada fanka ta ɗauke ta.

Ranar Asabar da la'asar ina ƙofar gida na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta zo ta kwashe kwanon rumfar maƙwabcina ta kai shi bayan layi. Mutane suna ta murna da ruwan farko, yara suna tsalle a cikinsa. Na shiga ɗaki na zauna.

Da safe na nemo direba. Mota ta kafe a fadama, na ƙarasa kilomita ukun ƙarshe a ƙafa, takalmi a hannu. Katangar tana nan, amma tsakiyarta ta buɗe wajen taku ashirin, duwatsuna masu girman tulu sun watsu har kan gaɓa. Mashigin kuwa cike yake da maza, ruwa iya ƙugu, suna ɗago jirage ɗaya bayan ɗaya suna kwashe ruwa da ƙwarya. Na fara ƙirgawa. Talatin da bakwai, duk lafiyarsu ƙalau. Na ji wani sanyi a raina, har na fara tunanin yadda zan gyara takardar da ke kan teburin darakta.

Ɗan'inna ne ya fito daga ruwan ya same ni. Bai miƙo mini hannu ba.

"Injiniya, ka zo ganin aikinka?"

"Na ga kun nutsar da su. Wa ya ce ku yi?"

"Baba. Ranar Juma'a bayan an sallame ya tashi a gaban kowa, har da malamin da ke zuwa mana wa'azi. Ya ce shi ya yi maka ƙarya, awon da ya ba ka ba gaskiya ba ne, katanga ba za ta tsaya ba. Aka tambaye shi dalili, ya faɗa. Malam ya yi masa nasiha mai zafi a gaban jikokinsa, yana tsaye. Mu dai mun ce dattijo ba zai tozarta kansa haka a banza ba. Jiya da gabas ta haɗe muka sauko."

"To alhamdu lillahi, ba a yi asara ba."

Ya dube ni, sannan ya nuna kudu da haɓa.

"Na Sarkin Ruwa shi ake nutsarwa ƙarshe, haka ake yi tun da. Sai ya ga na kowa ya kwanta. Kuma nasa mutum takwas yake ci. Muna kan na talatin da biyar iska ta iso. Muka ce Baba a bar sauran a kama naka, ya ce a bi layi."

Jirgin yana can kudu da mashigin, a kife a cikin ciyawa. Ya tsage daga kai har gindi, gida biyu, wani dutse nawa yana maƙale a tsagar. Baba Uwaisu yana tsugune kusa da shi yana cire sarƙar ɗauri. Na je na durƙusa a cikin laka. Na shirya magana a hanya, amma da na buɗe baki gaisuwa kawai ta fito. Ya amsa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi ko ruwan ya sauka a Dutse. Da ya ga ƙafafuna ya ce a kawo mini ruwa in wanke.

A rahoton da ya shiga fayil an rubuta cewa an sami bayanan da ba daidai ba daga mazauna wurin. Ba ni na rubuta jimlar ba, amma na sa hannu a ƙasanta. Ba wanda ya yi mini dariya a ofis. Da rani aka ba ni izinin sake ginin, wannan karon da lambar littafi da motar ɗaga kaya, kuma katangar tana nan har yau, ba jirgin da ya sake fashewa a bayanta. Na nemi maɗacin da za a sassaƙa wa Baba wani jirgin har Birnin Kudu da Gwaram, ban sami wanda ya kai ba. Kunyar abin ba ta sake ni ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ta sake ni ba.

Wata Talata muna cikin aikin, na ga 'yan kasuwa sun taru a gaɓa. Yanzu ƙananan jirage ke ƙetarar da su, shida-shida, sai an yi sawu da yawa. Baba Uwaisu yana cikin masu jira, tsakanin wata mata mai kaji da wani mai buhun barkono, da 'yar jakarsa a hammata. Da layi ya zo kansa Ɗan'inna ya riƙe masa hannu ya shiga. Dattijon ya wuce baya kai tsaye, ya miƙa hannu zai ɗauki filafilin tuƙi.

"Bari, Baba," in ji Ɗan'inna a hankali. "Zauna a tsakiya, wannan ba ya son nauyi a baya."

Baba ya janye hannunsa. Sannan ya dawo tsakiya ya zauna, mai kajin ta matsa masa, ya ɗora jakarsa a cinya ya riƙe ta da hannu biyu.